Bin Sawun Jirgin Alhazan Sakkwato

Duk lokacin da aka ce jirgin sama ya faɗi, kalmomin da ke fara fita daga bakin Bahaushe sanannu ne. Zai yi salati, ya ce Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, sa'an nan ya ce kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni ma haka nake faɗi, ban kuwa ga ranar da zan daina ba. Amma akwai waɗansu mutane da a daidai lokacin da muke shimfiɗa tabarmin zaman makoki, su jakunkunansu suke ɗaurewa, su nufi inda jirgin ya faɗi da igiyar awo da na'urar ɗaukar hoto, su duƙa suna tsintar ƙarafa cikin rana kamar masu kalar gyaɗa. Aikin waɗannan mutane nake so mu ɗan duba ni da mai karatu, domin na daɗe da lura cewa mun san ranar da jirage suka faɗi, mun san yawan waɗanda suka mutu, amma da wuya ka sami wanda zai gaya maka abin da aka gano bayan ƙura ta lafa.

Haɗari guda zan ɗauka, wanda ya shafe mu kai tsaye. Ranar Alhamis 11 ga watan Yuli, 1991, a ƙarshen watan Zulhajji, wani jirgi samfurin DC-8 ya tashi daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda da safe, zai kawo alhazai Sakkwato. Fasinja 247 ne a ciki, da ma'aikata 14. Sunan kamfanin Nigeria Airways tafiyar ke ɗauke da shi, da lamba 2120, amma jirgin da matuƙansa na wani kamfani ne na ƙasar Kanada mai suna Nationair, shatarsa aka ɗauko don jigilar alhazai. Kamar minti goma ya yi a sama. Ya juyo zai koma ya sauka, wuta na ci a cikinsa, ya faɗi saura ƙasa da kilomita 3 ya kai titin sauka. Mutum 261, ba wanda ya fita.

Wannan shi ne abin da kowa ya ji a rediyo. Manyanmu da suka ga na Kano, watau na ran 22 ga Janairu, 1973, inda jirgin alhazai samfurin Boeing 707 ya kama wuta wajen sauka mutum 176 suka rasu, sai suka ce ga irinta ta sake faruwa. Aka yi addu'a, aka watse.

To, wa ke da alhakin tambayar dalili? Tun 1944 ƙasashen duniya suka taru a birnin Shikago na Amurka suka ƙulla yarjejeniyar sufurin jiragen sama, kuma cikin ƙa'idojin da aka rataya mata daga baya akwai kashi na 13, wanda ya tsara yadda za a binciki haɗari. Ƙasar da jirgi ya faɗi a cikinta ita ke riƙe da ragamar bincike. Ƙasar da aka yi wa jirgin rajista, da ƙasar kamfanin da ke tafiyar da shi, da ƙasar da ta ƙera shi, kowace tana da ikon turo wakili. Saboda haka Saudiyya ce ta jagoranci wannan bincike, masu bincike na Kanada suka zo suka taya ta. Akwai kuma wata magana a cikin kashin nan na 13 da zan komo kanta, watau cewa manufar bincike ita ce hana aukuwar irin haɗarin nan gaba, ba rarraba laifi ba.

Mutane sun fi sanin abin da ake kira baƙin akwati, wanda ma ba baƙi ba ne, launin ruwan goro gare shi don a hango shi cikin tarkace, kuma biyu ne: ɗaya na naɗar maganganun matuƙa, ɗaya na naɗar motsin jirgi, watau gudunsa da nisansa daga ƙasa da inda ya fuskanta. Amma a haɗarin Jidda shaida ta fari a shimfiɗe take a fili, a kan titin da jirgin ya tashi. Masu bincike suka taka titin da ƙafa, kamar yadda mabi sawu ke bin sawun ɓatacciyar akuya. Suka ga zanen baƙar roba a gefen hagu, suka ga guntayen taya a warwatse, can gaba kuma suka ga inda ƙarfe tsirara ya yi ta kartar kwalta. Waɗanda suka ga tashin jirgin daga ƙasa kuma sun ce sun hangi wuta a wajen tayoyinsa na hagu, ba su daina ganinta ba sai da ya naɗe ƙafafunsa. Kafin a saurari ko kalma ɗaya daga akwatin, an riga an san cewa tun jirgin bai bar ƙasa ba masifar ta fara.

Jirgin DC-8 tayoyi goma gare shi, biyu a gaba, huɗu a dama, huɗu a hagu, kowace da lambarta. Taya ta 1 da ta 2 suna gefen hagu, a kan sandar ƙarfe guda, kafaɗa da kafaɗa. Abin da bincike ya nuna shi ne, taya ta 2 ba ta da isasshiyar iska, haka ma ta 4. Da jirgin ya ɗauki cikakken kaya, ga alhazai ga jakunkuna ga mai, ya kama doguwar tafiya daga inda ya yi lodi zuwa bakin titin tashi cikin zafin Jidda na watan Yuli, sai nauyin da ya kamata ta 2 ta ɗauka ya koma kan ta 1. Ta yi ta lanƙwasa, ta yi zafi, jikinta ya yi rauni. Jirgi na fara gudun tashi ta fashe. Nan da nan ta 2 ta bi ta.

Da na kai wannan wuri a karatuna sai na ajiye takardar na yi shiru, domin na san wannan magana tun ban san akwai wani abu wai shi jirgin DC-8 ba. Mahaifina direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana kai kaya Kurmi. Kowace safiya, kafin ya ta da mota, sai ya ɗauki sifana ya zagaya, yana ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne. Ya fi daɗewa a kan tagwayen tayoyin baya, musamman ta ciki wadda ido ba ya gani sosai. In ya ji sautin ɗaya ya yi laushi, ko da mai kaya na tsaye yana duba agogo, sai an kira mai faci. Na taɓa tambayarsa dalili, tun da ga 'yar'uwarta nan lafiya lau. Ya ce ai ita mai lafiyar yake jin tsoro, don ita za ta ɗauki kayan mutum biyu, ita kuma za ta fara fashewa. Bai yi makarantar boko ba, bai taɓa shiga jirgi ba sai da ya tafi Makka. Ga shi kuwa abin da ya faɗa a tashar mota shi ne masana suka rubuta da dogon Turanci. Bambanci guda ne, tayar jirgi ta fi ta mota tauri nesa ba kusa ba, ba a gane ƙarancin iskarta da ido ko da ƙwanƙwasawa, sai an sa mata geji. Wannan ma yana cikin abin da ya yaudari waɗanda suka zagaya jirgin a safiyar nan.

Bayan tayoyin sun fashe, ƙarfen ya riƙa gurzar kwalta, jirgi kuwa yana ƙara gudu, har zafi ya kai inda ragowar robar ta kama wuta. Akwatin murya ya nuna matuƙan sun ji ƙara, har sun yi zaton taya ce ta fashe. Ba su fasa tashi ba. Mai karatu zai ce me ya hana su taka birki? Masu bincike ma sun yi wannan tambaya, suka koma kan irin horon da aka ba su, suka tarar ba a koya musu fasa tashi saboda fashewar taya ba. Ga shi kuma jirgin ba shi da na'urar da za ta gaya wa matuƙi cewa akwai wuta ko zafi a wajen tayoyi. Daga inda suke zaune ba sa ganin ƙarƙashin jirgi. Saboda haka da suka rabu da ƙasa sai suka yi abin da kowane matuƙi ke yi, suka naɗe ƙafafun jirgin, ƙofofin akurkin tayoyi suka rufe.

Watau da hannunsu suka ɗauko wutar daga waje suka shigar da ita cikin jirgin, ba su sani ba. A cikin wannan akurki kuwa akwai wayoyin lantarki, da bututun man da ke motsa fukafukai da jela, kusa da shi ga tankin mai na tsakiya, a bisansa ga daɓen da fasinjoji ke zaune. Aka fara samun alamu barkatai a gaban matuƙa: iskar cikin jirgi ta ƙi daidaita, fitilun gargaɗi suna ta kamawa ba kan gado saboda wayoyi na narkewa, sa'an nan mataimakin matuƙi, wanda shi ke tuƙi, ya ce abin juya jirgin ya daina amsa masa. Wani ma'aikacin jirgin ya shigo ya ce akwai hayaƙi mai tsanani a baya. Ba zan tsawaita kan abin da ya biyo baya ba. Ya isa a ce wutar ta cinye daɓen, kuma an tsinci gawawwaki tun daga wajen kilomita 18 kafin filin jirgi, daidai inda aka sake sauko da ƙafafun don shirin sauka. Hukumar binciken haɗurra ta Kanada ta ce da an bar ƙafafun a waje, mai yiwuwa da an tsira.

Da a ce masu bincike malalata ne, nan za su tsaya, su rubuta cewa taya ce ta fashe, su rufe littafi. Ba za a ce sun yi ƙarya ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa tayar ba ta da iska? Wa ya sani, kuma tun yaushe?

Amsar tana cikin takardun gyaran jirgin. An gano cewa tun ran 7 ga wata, kwana huɗu kafin haɗarin, makanikai sun auna tayoyin sun ga iskar ta gaza abin da ƙa'ida ta yarda a tashi da shi. Ba a ƙara iskar ba. Abin da aka yi shi ne an sauya alƙaluman da aka rubuta, aka mai da su yadda za su dace da ƙa'ida. Kwana ɗaya kafin haɗarin jirgin yana Akara ta ƙasar Gana, inda aka shirya sauya waɗansu tayoyi, sai saƙo ya zo daga manajan aikin jigilar yana neman a hanzarta komowa Jidda, don an makara, alhazai na jira, kwangila na neman suɓucewa. Aka fasa sauyin. A safiyar ranar da abin ya faru, babban makanike ya nemi a hura tayoyin. Tayar jirgi kuwa ba da iskar famfo ake hura ta ba, da iskar naitirojin ne, wadda ba ta da danshi kuma ba ta taimakon wuta. Ba a sami naitirojin ɗin a kusa ba, nemo shi zai jawo jinkiri, manajan bai yarda da jinkiri ba, aka sallami jirgi.

Akwai wani abokina da muke ɗaki ɗaya, mutumin kirki, mai yawan ibada. Da na zayyana masa wannan labari sai ya ce, "Malam, ko da an hura tayar, in kwanansu ya ƙare ai ya ƙare. Wannan tone-tone na Turawa ƙin yarda da ƙaddara ne kawai." Mun kai tsakar dare muna wannan gardama. Na ce masa ban musa ƙarar kwana ba. Amma in ka je gaisuwar mutuwa, bayan addu'a, ba tambayar da ke biyowa sai, me ya same shi? Ya yi jinya ne? Ba wanda ya taɓa cewa mai wannan tambaya ya fita daga imani. Bugu da ƙari, shari'armu ta ɗora diyya a kan kisan kuskure, ta bambanta shi da na ganganci. Ta yaya alƙali zai bambanta in bai bincika ba? Ashe malamanmu na fiƙihu sun riga masu baƙin akwati tambayar yadda aka yi rai ya salwanta. Abokina bai ce ya yarda ba, ya dai ce dare ya yi.

Abin da ke damuna da irin maganarsa, ko da yake da zuciya ɗaya yake yin ta, shi ne ba ta taɓa cutar da kowa sai talaka. Wanda ya sauya alƙalami a takarda, da kamfanin da ya ɗora a kan aiki mutumin da bai san haɗarin taya ba, da duk wanda ya tsuke lokacin jigila har ya zama jinkirin sa'a guda ya fi ƙarfin a jure, dukansu ba abin da suke so su ji daga bakin dangin mamata kamar a ce haka Allah ya so, a yi shiru. Haƙurinmu ya zama musu bargo.

Wani abu da ya burge ni a aikin masu binciken nan shi ne yadda suke jefar da abin da ya yi kama da dalili in sun auna sun ga ba shi ba ne. A lokacin da jirgin ke neman komowa, an sami ruɗani tsakaninsa da mai ba jirage hanya a hasumiya. Babban matuƙin ya kira kansa da sunan kamfaninsu maimakon sunan Nijeriya da aka san tafiyar da shi, ga kuma wani jirgin kamfanin Saudiyya da shi ma ya ba da rahoton matsalar iska a daidai lokacin, sai mai hasumiya ya ɗauka da wancan yake magana. Wajen minti uku ana haka. Da a majalisar unguwa ne, shi ke nan an sami wanda za a rataya wa jakar tsaba. Masu bincike suka jera lokutan daƙiƙa bayan daƙiƙa, suka ce ruɗanin ya faru, amma bai sauya kome ba a sakamakon. Suka ajiye shi gefe, suka ci gaba.

Yanzu bari in komo kan maganar nan ta cewa bincike ba don rarraba laifi ake yinsa ba. Da fari tana da ɗaci. Mutum 261 sun mutu, an sami takardar da aka sauya, sa'an nan a ce ba a neman mai laifi? Hikimar ita ce, in makanike ya san duk abin da ya faɗa wa mai bincike zai kai shi kurkuku, to, bakinsa zai kulle, gaskiyar ta tafi kabari tare da mamatan, gobe wani jirgin ya tashi da irin tayar. Hukunci aikin kotu ne, tana da tata hanyar. Na fahimci wannan, na kuma yarda da shi, sai dai ba zan iya zuwa gidan da aka rasa uwa da uba rana ɗaya in yi musu wannan bayani ba.

Akwai kuma abin da ya sa na kasa tsine wa mutanen nan biyu, makaniken da ya nemi iska da manajan da ya hana. Dukansu biyu suna cikin ma'aikata 14 da suka hau jirgin, dukansu kuma suka mutu a ciki. Mutum ba ya haƙa rami ya san rami ne sa'an nan ya fara shiga. Manajan ya ɗauka ƙarancin iska ƙaramin abu ne, irin wanda ake cewa a lallaɓa a je a dawo. Makaniken ya san ba daidai ba ne, amma bai san ya kai abin da zai tsaya a kai ya ce jirgin nan ba zai tashi ba. Matuƙan kuwa ba wata alama da ke nuna an gaya musu. Ɗan hakin da aka raina ke nan. Kowannenmu ya san wannan lallaɓawa: motar da birkinta sai an yi famfo sau uku, kwalekwalen da aka ƙara wa mutum goma don kasuwa ta tashi, wayar lantarkin da aka ɗaure da leda a ɗakin kwanan ɗalibai. Sau ɗari ana lallaɓawa ana isa lafiya, har a ɗauka ƙa'idar ce ta cika tsanani. Jirgin nan ma ya yi ta tashi da sauka da tayoyin nan har kwana huɗu ba abin da ya faru.

Shawarwarin da suka fito daga binciken ba su da wani ado. A sa wa jirage na'urar jin wuta da zafi a akurkin tayoyi. A koya wa matuƙa da makanikai abin da ƙarancin iskar taya ke haifarwa, da abin da za a yi in taya ta fashe ana gudun tashi. Kada a bar wanda ba shi da ilmin gyaran jirgi ya yanke hukunci a kan lafiyarsa. Kamfanin Nationair bai daɗe ba bayan wannan, ya durƙushe a 1993. Nigeria Airways ma ya daina tashi a 2003. Har yanzu ba a yi haɗarin da ya kai wannan muni ba a tarihin jirgin DC-8.

Akwai wuri guda a rahoton da nakan koma in sake dubawa. Bayan taya ta 2 ta fashe, ƙarfenta ya daina juyawa gaba ɗaya, ya kafe, shi ya sa gurzar ta yi tsananin da ta haifi wuta. Me ya kafe shi? Masu binciken sun auna titi, sun tattara guntayen ƙarfe, sun saurari akwati, sun tambayi duk wanda ya taɓa jirgin. Da suka zo wannan gaɓa sai suka rubuta cewa ba a tabbatar da dalilin ba, suka wuce zuwa gaɓa ta gaba.